Kurɓin Farko na Gwaggo Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu ɗanɗanonsa bai bar harshena ba. Amma bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai, don shi ya ja ni zuwa can.

Ranar Asabar ɗin nan za a ɗaura auren 'yata Rahila a coci a nan Kaduna, daga nan a wuce liyafa. A ƙauyen da na fito, biki bai cika ba sai an girke tulun burkutu a gindin bishiya, kuma duk yankin babu hannun da ya kamo na Gwaggo Tabawa, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara huɗu. Alhamis da ta wuce ta ari wayar maƙwabciyarta Kande ta kira ni. Ta ce, "Nomau, dawa tiya nawa zan jiƙa?" Ita kaɗai ke kirana Nomau, a ofis Mista Ishaya nake. Na tuna uban ango, Barista Yohanna, da kwat ɗinsa da manyan baƙinsa, sai na ce, "Gwaggo, ki huta. Za mu sayi ta kwalba a babban shago. Tafiyar ma za ta ba ki wahala." Ta ce, "To." Kwana biyar ina yawo da wannan "to" ɗin a ƙirjina.

A mafarkin rana ce tsaka. Ina tsaye a ƙofar wani shagon giya da ya fi tashar mota girma, a wani birni da ban sani ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa gajimare, don haka kowa ya kifa lemarsa ya taka. Mai gadi kunkuru ne. Bai duba jakata ba, cewa ya yi in buɗe baki. Ya leƙa da tocila, ya ce, "Akwai maganar da ba a faɗa ba a ciki. Shiga da ita, amma kada ka yar mana a ƙasa."

Na kama keken zuba kaya zan tura, keken ya ce yau shi ke da turi. Na shiga na zauna, muka tafi.

Ya kai ni sashen giyar hannu, wato wadda ƙananan masu dafawa ke yi kaɗan-kaɗan, kowa da sirrinsa. Kanta bisa kanta har rufi, kwalabe jajaye da baƙaƙe da masu ruwan zuma. Sunayensu kuwa sai wanda ya gani. Akwai Hammar Litinin, akwai Gemun Direba, akwai wata siririya mai suna Inuwar Maƙwabci. Wata an sa mata tsamiya, wata citta, wata kuma an rubuta cewa wata shida ta yi a ganga tana sauraron rediyo. Duk inda na wuce sai kwalaben su juyo su bi ni da kallo, suna ƙus-ƙus.

Manajar shagon jar akuya ce mai tabarau. Tana zaune bayan tebur tana cin takardun da aka kawo mata sa hannu. Wadda ta cinye, an amince da ita ke nan.

"Me ake nema?" in ji ta.

"Giyar biki, ranki ya daɗe. Irin wadda idan Barista ya gani zai gyaɗa kai."

"Mai sa gyaɗa kai ta ƙare. Akwai mai sa ɗaga gira."

"A ba ni ita."

"Ka san dokar gidan nan? Ba a miƙa wa mutum abin sha sai wanda ya dafa ya yi kurɓin farko a gabansa."

Na san dokar sarai, ai ta ƙauyenmu ce. Mai burkutu ba ta ba ka ƙwarya sai ta fara kai ta bakinta, don ka san abin da ta ba ka ita ma ta yarda ya shiga cikinta. Na yi mamakin yadda dokar ta riga ni zuwa birni.

Akuya ta buga kofato a tebur. Wani firij ya buɗe, wani mutum mai gemu har cibiya ya fito, ya buɗe kwalbar, ya kurɓa, ya rusuna, ya koma firij ya ja ƙofa. Na karɓa na sha. Gaskiya ba zan ci amanar mai gemu ba, abin ya yi daɗi. Sai dai da na haɗiye, maimakon ta sauka, sai ta bi ta tsakar kaina ta fice ta bi ruwan sama. Na gwada kwalba ta biyu da ta uku, masu gemu na fitowa suna komawa, duk kanwar ja ce.

"Ba su san hanyar cikinka ba," in ji akuya. "Keke, kai shi kantar ƙarshe."

Sai ga mu a wani wuri da tayil ya ƙare, ƙasa ta fara. Ƙamshin hayaƙin itace da dafaffiyar dawa ya bugi hancina. A kantar ƙarshe babu kwalba ko ɗaya. Tuluna ne jere, an naɗe kowanne da jiƙaƙƙen buhu, kumfa na numfashi a bakinsu. An rubuta sunayensu da gawayi. Na farko, Takalmin Aji Ɗaya. Na biyu, Allurar Shawara. Na uku, Akwatin Makarantar Kwana. Na huɗu, Turancin Nomau. Can ƙarshe akwai wani babba, Kwat ɗin Neman Aiki.

Kusa da su akwai firij a buɗe, Barista Yohanna na zaune a ciki ya harɗe ƙafa yana karanta jarida. Ya sauke ta, ya shaƙi iska, ya ce, "Suruki, wannan ƙamshi fa? Aikin wa ke nan?"

Na ba shi amsar da na saba bai wa mutanen ofis. Na ce, "Wata tsohuwa ce a ƙauyenmu, mai sayar da hatsi."

Takalmana suka kwance igiyarsu da kansu, suka zame daga ƙafata, suka taka a hankali suka faɗa tulun farko.

"Ka san ta ne?" in ji Barista.

"Sama-sama."

Kwat ɗina ta sauka daga kafaɗata, ta kakkaɓe kanta, ta shige babban tulu. Na buɗe baki zan yi ƙorafi da Turanci, don da shi nake faɗa idan raina ya ɓaci, sai Turancin ya fito fir kamar garken tsuntsaye ya nufi tulu na huɗu. Ban tsira da ko kalma ɗaya ba. Na duba jikina, daga ni sai gajeren wandon firamare mai faci biyu a baya.

Akuya ta iso tana tauna wata takarda. Ta ce, "Kada ka ce mun ƙwace maka. Kaya ne suka gane gida."

A nan ƙishi ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Na nuna tulunan na ce, "Wannan nake so. Ita za a kai bikin. A kira mai dafawar ta kurɓa."

"Waɗancan na firij ma'aikata ne, ana buga tebur su fito. Wannan gayyatarta ake yi. Kai kuma duk shagon nan mun ji ka ce ta huta."

"To na janye."

"Janye ka gani. Dawa kwana bakwai take so, ko takwas. A jiƙa, ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Kai saura maka kwana huɗu."

"Ba a iya hanzartawa? Na ga nan ko ruwa sama yake yi."

"Ruwa ne wannan," in ji akuya. "Dawa ba ta sauri, ko a nan."

Tsoro ya kama ni, kuma ba na Barista ba ne. Na ga rumfar biki an cika ta da kwalabe masu sanyi, na ga Rahila cikin farar riga tana waige-waige, na ga wata tsohuwa zaune a ƙauye gaban murhun da ba a hura ba. Ni na kashe wutar da bakina, kuma kunya ce ta sa, ba tausayin tafiya ba.

Kunkuru mai gadi ya iso, da alama tun shigowata ya taso. Ya miƙo mini ludayi, ya ce, "Lasifikar gidan ce. Maganar nan da na gani a bakinka, fito da ita, ta fara wari."

Na kai ludayin baki. Muryata ta cika shagon, kwalabe suka yi tsit.

Na ce, "Sunanta Tabawa. Yayar ubana ce, kuma ita ce uwata. Ba hatsi take sayarwa ba, burkutu take dafawa. Shekara arba'in tana gaban wuta, har hayaƙi ya cinye mata ido ɗaya. Duk abin da kuka ga ya shiga tulunan nan, daga cikinsu ya fito."

Da na fara sai na kasa tsayawa. Na gaya musu cewa matar nan ba ta taɓa miƙo mini abin da ba ta fara gwadawa ba. Kunu, sai ta kurɓa ta ji zafinsa. Maganin shawara mai ɗacin tsiya, sai ta sha ta ɓata fuska kafin ta ɗura mini. Ranar da zan tafi jarrabawa ta sayo mini biro, ita da ba ta san ko harafi ɗaya ba, ta zana shi a tafin hannunta sai da ta ga ya kawo, sannan ta ba ni. Na ce na gode mata, na sake cewa na gode, na ce ban taɓa faɗa mata ba, ina ta jiran in zama babban mutum tukuna, da na zama kuma sai na ɓoye ta.

A waje ruwan sama ya tsaya cak a iska. Ya yi ɗan tunani, sannan ya juyo ya fara sauka yadda aka san shi.

Gwaggo ta fito daga bayan tulunan da tsohon zanenta na aiki, toka a gwiwar hannu. Ba ta kalli Barista ba, ba ta kalli akuya ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Nomau, ina takalmanka? Kullum sai ka yar."

"Suna wurinki, Gwaggo."

"To. Ka ji ƙishi?"

"Na ji."

Ta tsoma ƙwarya, ta hure kumfar gefe, ta ɗan zuba a ƙasa saboda waɗanda suka riga mu. Na ji motsi a bayana, na waiga, Barista ne ya fito daga firij ya bi layi, ya haɗa hannu biyu yana jira. Bayansa masu gemu, bayansu akuya. Gwaggo ta ɗaga ƙwaryar, bakinta na gab da taɓa ta, sai babban tulu ya fara ruri, yana ƙara yana ƙara.

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne. Gari ya waye, Talata ce, matata Rifkatu na guga a falo. Na lissafa kwanakin a yatsu na ga akuya ba ta yi ƙarya ba, huɗu ne. Duk da haka na ɗauki waya na kira Kande, na roƙe ta ta kai wa Gwaggo. Ina jin takunta, ina jin zakara, ina shirya yadda zan ba da haƙuri.

"Gwaggo, ni ne. Na yi kuskure. Ki zo bikin, don Allah, ko hannu sake. Na san lokacin jiƙa dawa ya wuce."

"Wa ya ce maka ya wuce?" in ji ta. "Ai kana ajiye waya ran Alhamis na jiƙa. Tsiron nake shanyawa yanzu haka."

Da ƙyar na ce, "Amma ai na ce ki huta."

"Ka ce. Tun kana ƙarami kake cewa ba ka jin yunwa, kuma ban taɓa fasa ajiye maka tuwo ba. Ka dai nemo mini mota mai wurin tulu, a ɗaure shi da kyau."

"Gwaggo, na gode."

Ta ce, "Na ji, Nomau. Ajiye wayar, kaji sun hau mini tsiro."