Ranar da Hajara Ta Ƙi Faɗuwa

Duk Toranke an san Datti da garaya, kuma duk Toranke an iya nuna kamar ba a sani ba. Mutum zai yi sahu ɗaya da shi da asuba, hantsi na yi ya turo matarsa ta ƙofar baya a ji yaushe za a yi wasa. Tun da aka hana kiɗan bori a fili abin ya koma gidajen gona, inda Datti yake kaɗa wa Hajara, magajiyar bori ta Kademi. Ya saki taken Inna, babbar iskar bori, Hajara ta yi ƙara ta faɗi, murya ta sauya, a durƙusa gabanta ana roƙon lafiya. In an gama sai ta yi atishawa, ta buɗe ido tana tambayar me aka yi, domin a al'adar bori goɗiya, wato macen da iska ya hau, ba ta sanin abin da mahayinta ya faɗa.

Shi Datti, in za a bi gaskiya, bai taɓa yarda da ko ɗaya ba. Gado ya tarar, kamar yadda wani ke tarar da maƙera a gidansu. Abin da ya riƙe kawai shi ne, in shi bai gani ba, ai Hajara tana gani. Mace ba za ta yi ta buga kanta da ƙasa tun tana budurwa har furfura a banza ba.

Sai ciwo ya kama Zuhra, autarsa, mai sunan mahaifiyarsa. Ƙafafu suka fara kumbura ana tsakiyar damina, kafin a cire gyaɗa fuska ta bi. Daga Gaya aka tura su Kano, a Kano likita ya ja Datti gefe ya ce ƙoda ta gaji, su koma gida su dage da addu'a. An dage. An sha rubutu, an yi tofi, an yi sadaka, yarinya sai ƙara nauyi take a kan tabarma. Wata rana ta kama bakin rigarsa ta ce, "Baba, kai da kake kira wa mutane Inna, ni ba za ka kira mini ita ba?"

Maganar nan ta karya masa zuciya. Ya aika Kademi.

Hajara ta zo ranar kasuwar Ajingi, lokacin da unguwa ta watse, da baƙin saƙinta a ƙulle da ƙwaryar nono ta Inna. Kafin ta shiga ɗakin mara lafiya ya ja ta bayan rumbu.

"Magajiya, yau ba sana'a muke ba. 'Yata ce. Don girman Allah ki gaya mini, in kin faɗin nan, akwai wadda take zuwa?"

Ta dube shi kamar ya mare ta. "Ni kake tambaya, mai garaya? Kai da kake kiranta?"

"Ni kiɗa nake."

Ta murza bakin zanenta ta ce, "Ina tuna komai, Datti. Duk abin da bakin nan ya faɗa tun ranar da aka yi mini girka aka shigar da ni bori, ina sane. Atishawar ma ni nake yin abata. Amma in ka kama taken nan sai in ga ka runtse ido, hawaye na zuba, sai in ce a raina, to ni ce dai ba ta so, amma tana nan, ga wanda yake ganinta."

"Hayaƙin turaren ne," in ji Datti. "Idona ba ya son sa."

Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffi biyu, kowa ya jingina da ɗan'uwansa yana zaton bango ne. Tsoro ya kama Datti, irin wanda bai ji ba ko a gaban likita, domin a wancan lokacin yana da sauran wata ƙofa da bai ƙwanƙwasa ba.

Hajara ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ajiye nonon, ta yafa saƙi. Ta ce, "Yau ba zan faɗi da kaina ba. Ba kuma za a kunna turare ba. Ka kaɗa. In akwai ta, ta zo ta kayar da ni."

Ya kaɗa. Bai taɓa kiɗa irin na ranar ba, idonsa a buɗe, yana kirari yana roƙo, yana kiran Inna da duk sunayen da ya gada. Aka yi azahar yana kai. Inuwar rumbu ta tsallake tabarmar, ƙudaje suka baibaye nonon, tsirkiya ta yanke masa yatsa. Hajara na zaune ƙyam, tsohuwa da ciwon gwiwa, tana jira da dukkan zuciyarta. Da ladan ya kira la'asar sai ta sunkuyar da kai ta fashe da kuka, da muryarta ta kullum.

Datti ya ajiye garayar. Gidan ya yi tsit.

Daga cikin ɗaki muryar Zuhra ta fito a hankali. "Baba, ta zo?"

Ya je bakin ƙofa, ya kasa ɗaga labulen. "Tana hanya, uwata."

Ya koma ya ɗauki garayar, domin muddin tana jin kiɗa ba za ta sake tambaya ba.