Ramin Ƙofar Gidan Inna

Katafila ta kafa haƙoranta a ƙasa, yaran layin suka ɗauki sowa. Inna na tsaye a bakin ƙofa riƙe da ƙugu, duk wanda ya zo wucewa sai ta tare shi.

"Kun ga mai farar hular kwanon can? Ɗana ne. Shi ne shugaban aikin."

Injiniya ya yi kamar bai ji ba, amma zuciyarsa fari ƙal. A layin nan ya tashi, ya san yadda ruwa ke kutsawa ɗakuna kowace damina. Da aka damƙa masa aikin magudanar, sai ya zauna ya tsara shi tiryan-tiryan: a haƙa, a ɗaura rodi, a zuba kankare, a rufe, duk kafin ruwan farko ya sauka. Ya raba wa kowa aikinsa, sannan ya tara mutanen layin.

"Ku yi haƙuri da tsallaka rami ta kan katako na ɗan lokaci. Aiki ne mai farko da ƙarshe."

"Allah ya nuna mana ƙarshen," in ji Tela, maƙwabcin Inna. "Farko kam mun saba gani."

Aka kwashe da dariya, har da Injiniya.

* * *

Ramin ya ci rabin layi, zurfinsa ya shanye mutum, sai Darakta ya kira Injiniya ofis.

"Ka kwashe injina da ma'aikata ka kai sabon titi. Manya za su zo aza harsashi."

"Ranka ya daɗe, ramin a buɗe yake, ga rodi tsaye cirko-cirko, ga damina a bakin ƙofa. Ko ƙasar ce a bar ni in mayar."

"Za a koma masa a kashi na biyu." Darakta ya dube shi ta saman tabarau. "Ko aikin ne ya ishe ka? Akwai masu jiran kujerarka."

Injiniya ya tuna matarsa da tsohon cikinta, ya haɗiye sauran maganar. Ya sa aka zagaye ramin da jan ƙyalle. Kafin mako ya zagayo iska ta yi gaba da shi.

Daga nan ya ɗauke ƙafa daga layin, sai dai waya.

"Yaushe za ku dawo?" Inna ke tambaya.

"An kusa, Inna."

Ba ta gaya masa cewa yanzu Uwar Mai Rami ake kiranta ba. Ba ta gaya masa ta daina fita ba.

* * *

Ruwan ya tsinke ne da rana, daidai tashin 'yan makaranta. Rami ya cika ya batse har ba a bambanta shi da hanya. Autar Tela ta taka inda ta saba samun katako, ashe ruwa ya riga ya tafi da shi. A can inda haƙa ta tsaya aka sami gawarta, rodi ya riƙe rigar makarantar da ubanta ya ɗinka mata.

Injiniya ya je gaisuwa. Ya so a zage shi, ya so a shaƙe shi. Tela ya miƙo masa hannu kawai, idanunsa sun ƙafe.

"Injiniya, an zo duba aiki?"

Washegari Injiniya ya faɗa ofishin Darakta ba sallama. Aka ba shi kujera, aka ba shi ruwan sanyi, aka shaida masa an kafa kwamiti.

* * *

Da safe ya iske ƙofar Inna a buɗe, ba ta ciki. Can ya hango ta a ƙofar gidan Tela, ta sunkuya a bakin ramin da kwanon wanki cike da yashi.

"Inna, me kike yi haka?"

"Ramin ɗana nake rufewa."

"Inna, wannan ba aikin kwano ba ne. Ko shekara kika yi..."

"Matsa, ka tare mini hanya."

Ya matsa. Ta juye yashin. Koren ruwan ya ɗan motsa, ya haɗiye shi, ya koma ya kwanta. Inna ta kakkaɓe kwanon a gwiwarta, ta juya ta nufi inda za ta ɗebo wani.