Masu Yafewa Biyu

Kafinta yana tsakiyar yanka falanki matarsa ta shigo shagon, ta tsaya a bakin ƙofa har sai da zarto ya yi shiru. Daga asibiti take, da kwanukan abinci a hannu.

"Gobe da safe za a shiga da Mama tiyata," ta ce. "Fasto zai kai mata Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabi na coci, yau da yamma, don nas ta ce da zarar rana ta faɗi ko ruwa ba za ta ƙara sa wa a baki ba."

"Madalla."

"Ta ce ba za ta karɓa ba sai kai da ƙanenka Auta kun karɓa tare da ita."

Kafinta ya hure garin katako daga kan falankin, ya tsaya yana duba layin fensir kamar wani ne ya ja masa shi.

"Ai na yafe masa tuntuni."

"Na sani, Baban yara. Ina wurin. Kowa ma yana wurin."

Gaskiya ta faɗa. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, Kafinta ya rantse ba katakon da zai taɓa jikin tsohon sai madaci mai kyau, ya shiga mota ya tafi nema. Kafin ya dawo, ƙanensa Auta, direban tasi, ya je bakin titi ya sayi akwatin gawa irin waɗanda ake jerawa, mai fenti sai ƙyalli, an sa Baba a ciki. Uban kafinta guda, a akwatin wani. Kafinta ya haɗiye abin wata da watanni, sai wata Lahadi ya miƙe a coci lokacin ba da shaida, ya gode wa Ubangiji da ya ba shi zuciyar yafe wa ƙanensa. Jama'a suka ce amin. Auta yana benci na baya, a nan ya fara jin labari.

Lahadi ta zagayo, shi ma Auta ya miƙe ya gode wa Ubangiji da ya ba shi ikon yafe wa yayansa. Jama'a suka sake cewa amin, har da tafi. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. In an zo da farantin Jibi, kowannensu sai ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya ɗauka ba, ya sunkuyar da kai kamar mai zurfin addu'a.

Kafinta ya wanke hannu, ya sa rigar zuwa sujada, ya hau bas. An matse shi tsakanin wata mata mai buhun gawayi da wani mutum mai barci a kafaɗarsa, shi kuwa yana ta shirya magana a zuci. Babba juji ne, shi zai fara. Zai ce, abin da ya wuce ya wuce. Zai ce, ba na riƙe ka da komai. Ya juya maganar ta kowace fuska, ya ga ba ta da makusa. Can ƙasan wannan duka tsoro ne ya cika masa ciki, don likita bai yi musu alkawarin komai a kan tiyatar nan ba.

Ya tarar da Auta zaune a barandar ɗakin mata, yana juya makullin mota a yatsa. Benci ɗaya ne a wurin, ƙafarsa ɗaya gajera. Kafinta ya zauna a wancan gefe, bencin ya karkata, ya ɗan ɗaga Auta sama.

"Sannu, Yaya."

"Yauwa." Ya gyara murya. "Na zo ne in gaya maka baki da baki, na yafe maka."

"Na gode. Ni ma na yafe maka."

"Me na yi maka?"

"Ni me na yi maka?"

Wata nas ta wuce da tire, suka yi shiru har ta sha kwana. Daga nan sai faɗa ƙasa-ƙasa, irin na mutanen da suka san a asibiti suke.

"Ka sa Baba a akwatin da ko kaji ba zan zuba a ciki ba. Ƙusa duk a waje."

"Kana ina? Na kira ka har wayata ta mutu. Injin sanyin ɗakin gawa ya lalace, suka ce mu zo mu ɗauke shi. Ni kaɗai na shiga, Yaya. Ni na sa masa riga, ni na ɗaure masa haɓa. Kai kana can kana ƙwanƙwasa katako."

Kafinta ya kawar da kai. Ba wanda ya taɓa gaya masa zancen injin nan, shi ma bai taɓa tambaya ba. Amma girma ya riga ya hau masa wuya, sai ya ce, "Duk da haka."

Fasto ya leƙo daga ƙofa, ya yafuto su.

Mama tana jingine da filo, robar ƙarin ruwa a hannunta. An ja labule an kewaye gadon. A kan ƙaramar durowar gefen gado, kusa da fulas da man shafawa, Fasto ya shimfiɗa farin kyalle, ya jera gutsuren gurasa da ƙananan kofuna.

"Kun shirya?" in ji Mama.

"Mun yafe wa juna, Mama," Kafinta ya ce.

"Haka ne," in ji Auta.

"Wa ya roƙi gafara?"

A gadon da ke bayan labule wata tana tari.

"Fasto, tattara kayanka," ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ka sha wahalar hanya a banza. Waliyyai biyu na haifa, kowa yafewa yake rabawa, ba mai laifi ko ɗaya. Wannan abincin masu zunubi ne, me za su yi da shi?"

"Mama, ke dai ki karɓa," Fasto ya ce a hankali. "Rana ta kusa faɗuwa."

"Ni kaɗai ba zan ci ba. Ban taɓa cin abinci na bar su suna kallona ba."

Ta rufe baki, ta rufe ido. Fasto ya san ta tun yana ɗan makaranta, don haka bai ƙara magana ba. Ya kama bakin farin kyallen ya fara ninkewa.

Kafinta ya dubi taga. Hasken ya riga ya koma ja. Ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana yaro, ya kuma ji haushin cewa a gaban Fasto za a yi. Bai iya duban ƙanensa ba, sai ya dubi ƙarfen da aka rataye ƙarin ruwa.

"Auta. Na bar ka kai kaɗai da gawar Baba. Ban kyauta ba. Ka yafe mini."

Auta ya daina juya makulli. Ya juyo ya dubi yayansa.

"Akwatin ba shi da kyau, Yaya. Murfin ma bai zauna ba, sai da na danna da gwiwa. Ka yafe mini."

Mama ta buɗe ido ɗaya, ta dube su, ta buɗe ɗayan. Fasto ya warware kyallen. Ya yi addu'a gajera, yana satar kallon taga, ya ba ta gurasa, ya ba su, ya bi su da kofuna. Ta sha nata, ta goge baki da gefen zani.

"To," ta ce. "Tunda kuna nan ku biyu, mu gama magana. Akwatin gawata, kai babba za ka yi. Ka fara neman katakon tun yanzu, ba sai ranar ba. Kai kuma Auta, ka jira shi." Ta miƙe ƙafafu a ƙarƙashin bargo. "Auna ni."

"Haba, Mama."

"Me? Ba aikinka ba ne?"

Kafinta ya so ya ce bai zo da abin awo ba. Amma idonsa ya riga ya yi abin da ya saba, ya bi ta daga kai zuwa ƙafa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya ba shi lissafin ba tare da ya tambaya ba. Katako kaɗan ne zai ishe ta. Kofin da ke hannunsa ya karkace, bai sha ba tukuna, ruwan inabin yana neman zuba a rigarsa.

Auta ya sa hannu ya tallafe masa gindin kofin.

"Sha, Yaya," ya ce. "Nas na zuwa."