Feshi a Ɗakin Jego

Tun daga zaure Zaituna ta jiyo ƙarar famfon, fiss-fiss, sai guɗar Goggo 'Yardada ta biyo baya. Ta gyara wa jinjirinta kwanciya, ta ɗaga gefen labule ta leƙa. Ga mijinta Gidaɗo a tsakar gida, ya goya jarkar feshin gona, hagu na buga famfo, dama na bin bango da sandar feshi, fuskar nan tasa sai ƙyalli take kamar wanda aka naɗa wa rawani.

"Ku matsa, ku matsa, likita zai wuce!" in ji Goggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinsa, tana korar yara da mafici. "Gidaɗo, kar ka manta da butata. Ita ma tana son lafiya."

Gidaɗo sana'arsa sa tayil, kuma halinsa ɗaya ne: ba ya barin ragowa. Bangon gidan nasu na bayan Ƙofar Wambai shi ne shaida. Shuɗi daga wani otal, kore daga masallaci, ruwan ƙasa daga gidan wani Alhaji, duk aikin da ya taɓa yi a Kano yana da wakili a jikin bangon. Zaituna ba ta taɓa ƙorafi ba, don gogewa ba wuya. Amma wannan karon ragowar ba tayil ba ce. Wani farin ruwa ne tsinkakke, wanda aka fesa a bangon asibitin kuɗi da ya yi wa aiki, wai don bangon ya riƙa kashe ƙwayoyin cuta da kansa. Ya rage a jarka, mai sito ya ce ya kau masa da ita daga hanya. Ranar da aka sallamo Zaituna da jinjiri, ranar jarkar ta iso gida, kuma in gaskiya za a faɗa, jarkar ta fi samun 'yan barka.

Ruwan asibiti aka sa masa suna. Malam Nata'ala mai shayi ya turo kekensa a fesa masa. Kaltume ta maƙwabta ta aiko a taimaka wa akurkin kajinta. Famfon unguwar ya daɗe da bushewa, 'yan garuwa kuma sai sun ga dama suke shigowa lungun, don haka labarin bangon da ke wanke kansa ya fi zuma daɗi a kunnen kowace mace.

Zaituna kaɗai ce ba ta yi guɗa ba, don a asibitin nan ta yi awo albarkacin aikin mijinta, kuma ta ga ranar da aka yi feshin. Ta ga an fitar da gadaje waje, an gitta jan ƙyalle a ƙofa, ma'aikatan sun rufe baki da hanci da wani abu kamar bakin kwaɗo. Ita kuwa mai tambaya ce tun tana ƙarama, sai ta tare matar da ke kula da aikin, wata injiniya 'yar Borno mai suna Falmata.

"Garin titaniyom ne a cikin ruwa," in ji Falmata. "Ƙanƙantarsa, in kin ajiye shi kusa da silin gashinki, gashin sai ya koma kamar azara. In ya bushe a bango, hasken rana ko na irin fitilun can ya sauka a kansa, shi ne yake ƙona ƙwayar cuta. Ba haske, ba aiki. Kuma bai ɗauke wa kowa wanki ba."

"To wannan rufe fuskar fa?"

"In ya bushe ya kama bango, da sauƙi. Hazon da ke tashi lokacin feshi ne ba ma so, hanci ba ya tace shi, huhu yake wucewa. Ke ma mai ciki, matsa can, kar mijinki ya kai ni ƙara."

* * *

Da la'asar surukarta Inna Dije ta shigo da kwanon kunun kanwa. Ɗakin ba ka ganin tafin hannunka sai ka ɗan jima a ciki. Tagar ɗaya ce, an toshe ta da kwali an ɗora tsohon zane, ga kaskon garwashi a ƙarƙashin gado. Haka ake jego a gidan tun kafin a haifi Gidaɗo.

"Shanye shi da zafinsa," in ji Inna, ta leƙa fuskar jinjirin. "Angona barci yake? To, jibi suna. Gobe da hantsi za a fesa ɗakin nan, gado da katifa da komai. Jama'a za su zo mana da hannuwa iri-iri."

Zaituna ta ajiye kwanon. Ta sunkuyar da kai.

"Inna, ko mu koma ɗakinki kafin ya bushe?"

"Wa? Jinjirin da ba a raɗa wa suna ba ya keta tsakar gida? Ba a gidan nan ba. A lulluɓe shi da zane mana, abin da ba ya ɗaukar shan ruwa."

Ba a musu da suruka, balle irin Inna da ta kwana tsaye a kanta ranar naƙuda. Zaituna ta jira mijinta. Da ya leƙo, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Ikram, kai fa ka ga yadda suka rufe fuska a can."

"Tsirfar 'yan boko ce. Ni da na wuni ina fesawa, kin ga na faɗi?"

"Na dai ji kana ta kakari a bayan gida."

"Mura ce."

"Murar da ta san lokacin feshi?"

Ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. Sai ya tsuguna gaban gadon, ya sa ɗan yatsa a tafin jinjirin, muryarsa ta yi laushi. "Maman Ikram, daga ƙasar waje fa aka kawo shi, don 'ya'yan masu hali. Yau Allah ya kawo shi gidana. Ɗana bai kai ba ne?"

Zaituna ta matso kusa da jinjirin. Ta dubi ƙirjin yaron yana hawa yana sauka, ɗan mitsitsi kamar na tsako. Wannan huhun ne za a rufe da zane a cikin ɗakin da ko hayaƙin turare sai ya wuni bai fita ba.

* * *

Washegari da safe ta fito wankan jego, Goggo na biye da ita da bokitin ruwan zafi da ganyen darbejiya. A hanya ta ga ɓarnar da Ikram, 'yarta mai shekara uku, ta yi jiya da safe. Yarinyar ta tsoma hannu a zoɓon da aka jiƙa na gwaji kafin suna, ta bi bango tana buga tambari tun daga bakin madafa har cikin zaure. Duk inda ta bi an riga an fesa. Zaituna ta tsaya. A tsakar gida, inda rana ke wuni, tambarin ya dusashe, sai ka ƙura ido za ka gane yatsu ne. A zaure kuwa, inda duhu yake, hannuwan na nan jajir kamar yanzu aka buga.

"Wuce mana, ruwa zai huce," in ji Goggo.

Da hantsi Gidaɗo ya tsaya a ƙofar ɗakin da jarka a baya. Ya ɗaura hankici a hanci, alamar dai maganar jiya ta ɗan shiga. Inna ta taho da zanen lulluɓi.

"Inna, don Allah ki dubi wani abu tukuna," in ji Zaituna. Ta nuna mata bangon tsakar gida, ta nuna mata na zaure, ta faɗi abin da Falmata ta gaya mata, a hankali, idonta a ƙasa. "Abin yana aiki, ga shi nan ido ya gani. Amma sai da rana. Ɗakina kuwa ya fi zauren duhu."

Goggo ta je ta shafa tambarin zauren, ta dawo tana riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe maganin ma tsoron duhu yake, kamar Gidaɗo yana yaro. To a buɗe taga mana."

"A buɗe taga iska ta shige ta?" in ji Inna. "Ke 'Yardada, da girmanki!"

"Ko an buɗe, katangar su Kaltume ta tare rana," in ji Gidaɗo a sanyaye.

Inna ta dubi jarka, ta dubi ɗaki. Abin arziki ya zo gida kyauta, a ce ɗakin jikanta ne kaɗai ba zai samu ba? Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ko bai yi amfani ba, ai ba guba ba ne. A asibiti aka samo shi. Fesa, Gidaɗo."

Zaituna ba ta san lokacin da ta koma ciki ba. Ta sunkuci jinjirin da tawul ɗinsa, ta tsallake dokin ƙofa, ta ratsa tsakar gida, ta zauna a kan turmi, rana na dukan ƙeyarta.

"Innalillahi!" Inna ta dafe ƙirji. "Zaituna! Kin fito da shi?"

"Inna, ki gafarce ni." Ba ta tashi daga kan turmin ba. "In abin nan ya shiga, mun fito. In muna ciki, shi yana waje. Wanda kika zaɓa shi zan bi."

Kowa ya zuba musu ido. Jinjirin ya yamutsa fuska saboda haske, ya yi wata 'yar atishawa kamar ta mage. Goggo ce ta fara fashewa da dariya.

"Kin ji ko, Dije? Mai gida ya yanke hukunci."

Inna ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. "Mayar min da miji ɗaki kafin maƙwabta su leƙo! Kai kuma sauke wannan abin, ka tsaya mana a ka kamar mai feshin wake."

Gidaɗo ya sauke jarkar, yana murmushi ta ƙarƙashin hankici. Ganin ya yi sanyi, Zaituna ta samo masa inda abin zai yi amfani: banɗakin tsakar gida da ba shi da rufi. A goge shi da omo tukuna, a kai yara gidan Kaltume, ya ari abin rufe fuska na gaske. Ta kuma roƙi jarkar ruwa ɗaya da sabulu a ajiye mata a ƙofar ɗaki ranar suna.

"Duk wadda za ta ɗauki angonki, Inna, sai ta wanke hannu."

"Har ni?"

"Ke ce shugabar 'yan sanda."

Inna ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce yaran zamani sai addu'a.

* * *

Yaro ya ci suna Tajuddeen. Gida ya cika ya batse, ƙamshin soyayyen rago da na turaren wuta suka gauraye, mai kalangu ya kafa a ƙofar zaure. Inna ta riƙe aikinta da gaske, ta zauna a bakin ɗaki da buta da sabulu, ko ƙanwar liman sai da ta miƙo hannu aka zuba mata. Zaituna na tsakiyar gado cikin sabon leshi, tana amsa barka, zuciyarta wasai.

Wajen la'asar ƙanwarta Zuwaira ta shigo da faranti tana dariya.

"Yaya, surukarki ta iya fita kunya. Kowace leda da cincin da dubulan da kunun aya, ga kuma robar ruwan asibiti. Ta ce tunda ɗakinki ya ƙi, bai kamata a yi asararsa ba, kowa ta je ta fesa wa yaranta."

"A wace roba?"

"Irin ta kunun mana. Su suka rage."

Zaituna ta danƙa mata Tajuddeen, ta fita ko takalmi babu. A zaure ta tarar da mata na sallama, ta shiga buɗe ledoji tana ba da haƙuri.

"Mai jego, rowa tun yanzu?" in ji wata, aka sa dariya.

"Ba na sha ba ne, Hajiya. Don Allah kar a ba yaro, kar a fesa a ɗaki."

Ta karɓe na waɗanda ta samu. Amma 'yan Fagge sun tafi tun azahar, haka 'yan Kurna da dangin Inna na Ƙofar Ɗan Agundi. Ta aika aka kira Gidaɗo daga cikin abokansa, ta gaya masa. Ya miƙa wa Malam Nata'ala wayarsa don ya riƙa kiran mutane, shi kuma ya buga babur ya fice daga lungun, babbar rigarsa na kaɗawa.

Ta koma ɗaki da robobin a haɓar zaninta, ta zube su a saman kwaba inda hannun Ikram ba ya kaiwa. A waje kalangu na ta tashi, Goggo na rangaɗa guɗa. Ta karɓi Tajuddeen ta sa masa nono, sai a lokacin ta ji maƙogwaronta ya bushe ƙamas. Ta miƙa hannu kan farantin da Zuwaira ta ajiye. Robobi biyu ne a kai, farare, murfinsu iri ɗaya. Ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga ɗayar, ta juya su a ɗan hasken da ke shigowa ta gefen labule.

Ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar da su duka biyun.