Igwa Bakwai Don Mama Ihuoma

A Umunkwo, in tsohuwa mai 'ya'ya ta mutu, ba a sa ta a rami shiru. Ana harba mata igwa, bututun ƙarfe da ake ɗura wa albarushi a kafe a ƙasa a cinna wuta, don ƙauyukan kewaye su san ba kaza aka binne ba. Sannan ɗan fari ya zuba ƙasar farko a kan akwati da hannunsa. Ba a barin ko ɗaya daga cikin biyun nan. Shi ya sa da Mama Ihuoma ta cika, surukarta Mgbafo ba ta fara da kuka ba. Zama ta yi a bakin murhu tana tunanin yadda mijinta Anozie, ɗan farin marigayiyar, zai tsaya a bakin kabari ranar da ake harbi.

Anozie yana ɗan shekara goma sha bakwai aka tsince shi a hanyar kasuwa aka miƙa masa bindiga, lokacin yaƙin Biyafara. Bayan shekara biyu ya dawo da hannu biyu, ƙafa biyu, ido biyu, sai gari ya yanke hukunci cewa lafiya lau ya dawo. Shekara ashirin da huɗu ke nan ba wanda ya sake duba hukuncin.

Mgbafo ce ta san sauran. Murafan tukwanenta duk a naɗe suke da tsumma, don kada su yi ƙara. Sakwara a gidan maƙwabta take dakawa. Haƙorinta na gaba ya tafi ranar da tayar wata mota ta fashe a titi, Anozie ya maka ta da ƙasa ya kwanta a kanta. Ba dukanta ya yi ba, cetonta ya yi, amma haƙori bai san bambanci ba. 'Yarsu Uloma ta tashi tana sanɗa a gidan ubanta kamar ɓarauniya. Ta yi aure a Fatakwal, kuma ba ta kawo 'ya'yanta gida, don yara ba su iya rufe ƙofa a hankali ba. Duk ranar da ake jana'iza a gari, Mgbafo kan ja mijinta zuwa gonar rogo ta bayan rafi, mutane su ce, "Anozie akwai son noma." Sun sani sarai. Mutane sun fi son ƙaryar da ba za ta sa su wani aiki ba.

Ƙanin Anozie, Udensi, mai sayar da kayan gyaran mota a Aba, ya iso da akwati mai hannayen zinariya.

"Matarmu, igwa bakwai na sa a kawo," in ji shi.

"Ka yi shawara da yayanka?"

"Dede ai soja ne. Wanda ya ji igwar gaske, wannan tusar akuya ce a wurinsa."

"Kai da ka yi yaƙinka a ƙarƙashin gadon Mama, lallai ka fi kowa sani."

"Shekarata tara lokacin!"

"Har yau ban ga ka ƙara ko ɗaya ba."

Udensi ya daina dariya. "Ki ji ni da kyau. In ba a harba ba, dangin Mama za su ɗauke gawarsu su bar mu da rami. In kuma Dede bai zuba ƙasa ba, ni zan zuba. Kin san abin da hakan ke nufi."

Ta sani. Ɗan farin da yana raye wani ya zuba ƙasa a madadinsa, ya gama magana a taron dangi. Za a riƙa gaishe shi, a ba shi kujera, a yanke komai ba da shi ba. Yaƙi ya kwashe wa Anozie abubuwa da yawa, wannan kujerar ce kaɗai ta rage masa.

Mgbafo ta ɗauki goro da butar bammi ta tafi wurin Okorafo mai igwa. Mutum ne mai yatsu bakwai da kunne ɗaya mai aiki, yana ƙaunar sana'arsa fiye da yadda ta ƙaunace shi.

"So nake ka harba duka bakwai da safe, a jere, kafin a fito da gawa," ta ce. "Ni da mijina za mu je rafi. In ka gama mu dawo."

"Daa Mgbafo, so kike in yi harbi kamar mai gudawa? Ana rarrabawa ne. Ɗaya in an fito, ɗaya in an..."

"Wace doka ta ce?"

"Ba doka ba ce, kyan aiki ne."

"Ajiye kyan aiki sai ranar jana'izata, ka rarraba yadda kake so, ba zan tanka ba. Bakwai, kafin Fadan coci ya iso."

Ya kurɓi bammi, ya goge baki. "Saboda Dede Anozie na yarda. Irinsu ne suka tsaya muka rayu, ba wanda ya taɓa ce musu sannu. Ni dai zan kyautata masa."

Ta yi godiya ta tashi. Da ta tsaya ta tambaye shi wace irin kyautatawa, da ya gaya mata, don ba munafuki ba ne.

Ranar jana'iza, rana na fitowa ta ce, "Papa Uloma, tashi mu je rafi." Bai tambayi dalili ba. Ya ɗaura farin zanen makoki ya bi ta. A can cikin kwari ya zauna ya jingina da gaɓa, ta cusa masa auduga a kunne, ta riƙe wuyan hannunsa. Ƙarar na isowa kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Kowane harbi, hannunsa ya zabura, ita kuma ta ƙirga a fili. Da ta kai bakwai ta ƙara jira, har gumin goshinsa ya bushe. Sannan ta cire audugar, ta wanke masa fuska, suka hau.

Tsakar gida cike take. Fada ya yi addu'a, matan coci suka yi waƙa, aka zura akwati cikin ramin da aka haƙa a gefen ɗakin marigayiyar. Mazi Ukaegbu, wan mamaciyar, tsoho mai jar hula da sanda, ya tsaya a kan kabari a madadin danginta, ya ce ɗan fari ya matso.

Anozie ya matso, tafiyarsa a miƙe. Ya sunkuya ya damƙi jar ƙasa. Tun da aka ɗaura musu aure Mgbafo ba ta taɓa ganinsa tsaye a wurin jana'iza ba. Ta lura ashe ya fi Udensi tsawo.

Nan ne Okorafo ya cinna ta takwas. Ita ce babbar cikin igwoginsa, da albarushin kansa ya ɗura ta, ya ɓoye ta a bayan madafa, taku ashirin daga kabarin. Kwanon rufin ɗaki ya amsa, awaki suka tsinke igiya.

"A kwanta!" Anozie ya daka tsawa da muryar da ba wanda ya san shi da ita. Ya waiga neman rami. Rami ɗaya ne a gidan. Ya faɗa ciki, ya kwanta rub da ciki a kan akwatin, ya baje hannuwa ya rufe shi.

Okorafo ya fito daga hayaƙi yana washe baki. "Wannan kyauta ce! Ta soja ce!" 

Udensi ya yi gyaran murya, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa. "Tunda Dede ba ya jin daɗi..."

Mazi Ukaegbu ya leƙa ramin, ya daɗe yana dubawa. Ƙasar da ke hannun Anozie ta watsu a kan murfin akwati.

"Ajiye, ɗana," in ji tsohon. "An zuba."

"Kawu, faɗawa fa ya yi."

"Na ga ƙasa a kan akwatin ƙanwata, daga hannun ɗanta na fari. Iyayenmu ba su ce daga wane nisa ba."

Udensi ya buɗe hannu, ya kakkaɓe a wando. Wata tsohuwa ta rushe da kuka tana cewa, "Ku ga ɗa mai son uwarsa! So yake a binne su tare!" Sauran mata suka kama. Kafin a raba shinkafa, labarin da aka tsayar ke nan, kuma shi ake faɗi har gobe. Gari ya gwammace ya yabi mutum da ya tambaye shi me ke damunsa.

Mgbafo ba ta ji ko ɗaya ba. Ta riga ta durƙusa a bakin ramin, ta kore samarin da ke shirin sauka, don ta san ba a taɓa shi ta baya in yana haka. Ta yi ƙasa da murya.

"Papa Uloma. Ni ce. Sun wuce."

Bai motsa ba. Ta sake faɗi, ta kuma faɗi. Can ya ɗago kai, rabin fuskarsa ja da ƙasa.

"Mutum nawa muka rasa?"

"Ɗaya."

"Wa?"

"Mama."

Ya daɗe yana kallon katakon da ke ƙarƙashinsa. Sannan ya ce a miƙo masa tsani, kuma a gaya wa mutanen nan su daina tsayuwa a fili haka.