Albashin Ungozoma a Garin Tafi

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni ya ajiye a wani gari inda ruwan sama ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Ina sanye da fararen kayana na ungozoma, ina bin layin karɓar albashi. Layin da baya yake tafiya.

Mai biyan albashin bunsuru ne, ya rataye tabarau a ƙaho. A gabana akwai wani ɗan ƙwallo, Lawandi, an ɗora ƙafarsa ta dama a kan matashi ana yi mata fifita. Aka turo masa albashinsa a baro. Aka ƙara masa wani baron don kada ƙafar hagu ta ji haushi.

Da aka zo kaina, bunsurun ya ce, "Sista, mutum nawa suka tafa miki a watan nan?"

"Ranka ya daɗe, ai ɗakin haihuwa nake. Ko mijin mace a waje yake tsayawa."

"To, mu nan da tafi muke auna albashi." Ya ci gaba da tauna hular wani malamin makaranta. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na baro tukunyata a gida tana hamma.

Sai ga ni a tsakiyar filin wasa. An kafa gadon asibiti daidai inda ake take ƙwallo. A kansa maƙwabciyata Hansatu ce, naƙudar fari, ta cije leɓe don kada a ji muryarta. 'Yan kallo sun cika maƙil, kowa ya buɗe tafuka yana jira. Barori sun jeru a gefen fili, kowanne shaƙe da kuɗi.

Bunsurun ya ce, "Ki karɓi haihuwar nan kowa na gani, tafin duk naki ne."

Wallahi na kalli barorin nan. Na daɗe ina kallonsu.

Hansatu ta riƙo hannuna. "Anti, rufe ni."

Na kwance ɗankwalina, ya yi ta tsawo har ya zagaye gadon kamar labule. Jama'a suka hau ihun ba sa gani, suna jifana da ledojin ruwa, ledojin suna faɗawa sama. Can Lawandi ya yi atishawa, filin ya ɗauki tafi, barorin suka juya ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. Bunsurun ya kama cin labulen nawa daga ƙasa. Ina ja, yana ci. Ga kan jariri ya leƙo, ni kuwa hannu biyu gare ni. Na cije bakin ɗankwalin da haƙora, na miƙa hannuwan duka ga Hansatu.

Ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce ta tashe ni, bakin zanen gado cike da bakina. Na tofar, na laluba takalmina. Aikin safe gare ni, kuma ba wanda zai gani.