Ƙayar Kifi a Wuyan Zakiru

Zakiru mai shagon atamfa a unguwar Nombakélé yana cin kifi da rana sai ƙaya ta tsaya masa a maƙogwaro. Magana ta gagara, yawu ma da ƙyar yake wucewa. Maƙwabtansa biyu suka taso, Alhaji Uwaisu mai agogo da Abdou direban tasi.

"Asibitin gwamnati za mu," in ji Abdou. "Lafiyar talaka nauyi ne a kan hukuma."

"Haba Abdou, ya bi layi da ƙaya a wuya har la'asar? Asibitin kuɗi za mu a unguwar Louis, can tun daga ƙofa likita ke gaishe ka."

"Aljihunka yake gaisarwa, Alhaji."

Zakiru ya nuna wuyansa, Alhaji ya ce ai hanyar Louis yake nunawa. Zakiru ya girgiza kai, Abdou ya ce ga shi ya ƙi. Aka jawo benci aka zauna, zance ya kai har Faransa. Hawaye na zubo wa Zakiru, kowannensu ya ɗauka hujjarsa ce ta ratsa shi.

Hajjo mai abinci ta zo ɗaukar kwanonta. Ta dubi Zakiru, ta gutsuro lomar rogo.

"Haɗiye, ɗan nan, kada ka tauna."

Ya haɗiye, ƙaya ta wuce.

"'Yar kasuwa ce dai ta warkar da shi," in ji Alhaji.

"Kyauta ta yi, wannan aikin gwamnati ne," in ji Abdou.

Zakiru ya gwada muryarsa a hankali, ya roƙi ruwa. Hajjo kaɗai ta ji.